Abin da Na Hana Kawunku Aliyu

Na san kun ji labarin nan ba sau ɗaya ba, na kuma san irin wuraren da kuka ji shi. Duk taron suna ko biki a danginmu, da an gama cin abinci mata sun miƙe ƙafa, sai wata ta sassauta murya ta ce ai Rakiya da maganin a hannunta ta hana ɗan'uwanta, tana kallo ya mutu. Ke Zainab har da kuka kika taɓa dawo mini daga gidan suna, kika tambaye ni ko gaskiya ne, na ce ki je ki wanke fuskarki. Ban ba ki amsa ba a ranar, ban kuma ba kowa ba. Yanzu da Hajiya kakarku ta kwanta dama, Allah ya jiƙanta, ni ma ido ya fara rauni, bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya ganin layin takarda.

Da farko dai, ni ba likita ba ce. Wannan magana na faɗe ta har yawuna ya ƙafe, ba ta shiga kunnen kowa ba. Tun ranar da aka ji ana ce mini Dakta ban sake samun sukuni a taro ba: wannan ta janye ni gefe ta nuna mini ƙurji, waccan ta miƙo mini jariri in duba masa cibiya. Karatuna na haɗa sinadarai ne. Aikina shi ne in ɗauki sinadarai biyu da ba sa haɗuwa da kansu, in sa su haɗu su zama wani abu sabo, da fatan wata rana a gwada shi a ga ko zai yi magani. Abin da ke haɗa su wani ƙarfe ne mai tsada da ake kira faladiyam. Ba dunƙulensa muke aiki da shi ba. Yana zuwa ne a gauraye da wasu sinadarai, gari ruwan ɗorawa a 'yar kwalba, ka ɗebi abin da bai wuce ƙwayar gero ba ka zuba. Shi zai kamo wannan, ya kamo wancan, ya ɗaure su wuri ɗaya, ya saki, ya koma ya kamo wasu. Sai dai ba ya son wargi. Ba ya shiri da iska ko kaɗan, kuma zafi yake so daidai wa daida tun safe har yamma. Iska ta shiga, ko a ɗauke wuta a tsakiyar aiki, sai ka ga ruwan ya rikiɗe ya yi baƙi kamar gindin tukunya. In ya yi haka aikin kwana uku ya tafi, sai dai ka wanke kwalba ka sake lale.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kuɗin mai kuma ya fara ambaliya a Abuja. Ko'ina ka waiga gini ne ke tashi, kowa da wayar salula a kunne yana zancen kwangila. Cibiyar binciken da nake aiki, ba zan kama sunanta ba, ita ma ta samu rabonta. Aka yi mana sabon gini, aka shimfiɗa masa dutse mai sheƙi wanda in ba ka yi hankali ba sai ka zame, aka kafa famfon ado mai feshin ruwa a farfajiya, aka saya wa manya motoci. Amma in na rubuta takarda ina neman tukunyar gas ɗin da nake kore iska da shi daga kwalabena, sai a ce kwamiti bai zauna ba. Janareta kuwa akwai shi, ƙato, amma layinsa ofishin Darakta da ɗakin taro aka ja. Sau nawa ina tsaye a kan aikina da ya yi baƙi, zufa na bin bayana, ina jiyo famfon yana ta feshinsa a waje.

Abokiyar aikina ita ce Dakta Ladi, Kirista 'yar kudancin Kaduna, mace mai dariya da dukan jikinta. Ita nata fannin sankarar babban hanji ne, ciwon dajin da ke kama ƙarshen hanjin mutum. Tana karɓo 'yan yankin ƙari daga hannun likitocin tiyata, da izinin masu shi, ta bincika. A nan ta lura da wani furotin, ɗaya daga cikin abubuwan da ke tafiyar da aikin ƙwayoyin jiki, wanda ya yi yawa a naman da ya kamu, ya yi kaɗan a lafiyayye. Sai muka yi shawara: ni in ƙera sinadarin da zai toshe wannan furotin, ita kuma ta gwada shi a kan ƙwayoyin sankara da take reno a 'yan faya-fayai cikin wani akwati mai ɗumi. Cikin shekara biyu na ƙera goma sha shida, ƙwayoyin ko gezau. Na goma sha bakwai kuwa, kwana biyu da ɗiga shi, sai ga Ladi ta faɗo ɗakina a guje.

"Dakta Rakiya, sun mutu! Duka ya mutu, wallahi. Zo ki gani da idonki!"

Na je na leƙa ta madubin da ke ƙara wa ƙwayoyi girma, na ga gaskiyarta. Amma murnata ba ta kai ciki ba, domin na san abin da na ba ta. Garin kamata ya yi ya fito fari tas, shi kuwa yana da ɗan duhu kamar toka. Ragowar faladiyam ke nan ta maƙale a ciki. Wannan ƙarfe kuma in ya yi yawa ba ya tambaya, duk ƙwayar da ya samu kashewa yake, mai ciwo da mai lafiya.

"Ladi, kada ki gaya wa kowa tukuna. Bari in wanke shi mu sake gwadawa."

"Ni ba zan gaya ma kowa ba. Amma rahoton wata fa? Oga ya ce ranar Juma'a yana so a tebur."

Ta saka shi a rahoton, layi biyu kacal. Na farko ya ce ƙwayoyin sun mutu, na biyu ya ce ba a tabbatar da dalili ba. Ban taɓa ganin laifinta ba. Darakta ne ya karanta layin farko, bai kai ga na biyu ba.

Bari in bar su a nan in koma gida. Kawunku Aliyu, wanda nake ce wa Yaya, shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ya ba ni shekara goma sha biyu. Shi ya tsaya kai da fata a gaban mahaifinmu sai na yi karatu, shi ya raka ni jami'a da akwatina a kafaɗarsa. Ya baro Zariya ya zo Abuja tun ana sharar daji, ya kama shago a kasuwar Utako yana sayar da tayil da kayan banɗaki, kuma da gine-ginen nan suka tashi Allah ya buɗa masa. Ya ɗauko Hajiya ya ajiye ta a gidansa. Shi ke jan sallah a ɗan masallacin layinsu. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, ɗigon miya in ya taɓa rigarsa sai ya koma gida ya sake wata. Taurin kai kuwa a nono muka sha, ni da shi.

Fiye da shekara yana ganin jini in ya zaga, bai gaya wa kowa ba. Basir ne, in ji shi. Duk mai lasifikar da ya tsaya a tashar Utako yana tallar maganin basir sai da Yaya ya sayi gora a wurinsa. Matarsa ce ta tsegunta mini da ta ga wando ya fara zame masa. Na yi nasiha, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Sai da na je na zauna a bakin shagonsa na ce ba zan tashi ba, kowa ya zo ya ga ƙanwar liman tana zaman dirshan, sannan ya bi ni asibiti. Aka sa masa na'ura aka duba. Likita ya zaunar da mu ya ce sankara ce, amma an yi sa'a ba ta yaɗu ba, in an yanke wurin yanzu akwai kyakkyawan fata. Sai dai da yake ta yi ƙasa sosai, za a huda masa ciki a maƙala jaka, ta nan bayan gida zai riƙa fita, wataƙila har ƙarshen rayuwa. A mota, da muka kusa gida, Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ni Aliyu in tsaya gaban mutane in ja sallah da najasa a rataye a cikina?"

"Yaya, lalura ce. Malamai sun yi bayani, sallarka ta yi. In kana so mu je mu tambaya tare."

"Ke za ki koya mini hukuncin tsarki? Ki bar ni in yi tunani."

Yana cikin wannan tunanin ne, rediyonsa a kan kanta, ya ji a labaran rana cewa wata cibiya a Abuja ta gano maganin sankarar hanji, ƙarƙashin jagorancin wata 'yar Arewa, Dakta Rakiya.

Ni ban ma ji ba. Ina ɗakin gwaji wayata ta fara ruri, wannan na katsewa wancan na shigowa, kowa barka yake yi mini. Na ajiye abin da ke hannuna na haura sama. Darakta mutum ne mai fara'a, ba zan ce mugu ba ne, amma wani babban baƙo zai zo buɗe sabon ginin, shi kuma yana neman abin da zai nuna masa ban da famfo. Na same shi a ofis, sanyi kamar cikin firij.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce mun gano magani?"

"Dakta, zauna mana. Ai ba cewa muka yi ya warkar da wani ba. Cewa muka yi an gano. Ba ku gano ba?"

"Abin da muka gano shi ne wani gari mai datti ya kashe ƙwayoyi a faifai. Kananzir ma in na ɗiga musu mutuwa za su yi. Sai mu shiga rediyo mu ce kananzir magani ne?"

"Kin cika zafi. In baƙon nan ya ji daɗi, duk abin da kike nema za a kawo miki har ɗaki. Ke dai ki sa farar rigarki ki riƙe kwalbar a ɗauki hoto."

Na ce ba zan riƙe ba. Na rubuta takarda ina neman a koma rediyo a gyara maganar. Har yau ba a koma ba. Washegari da na iso aiki sai na tarar da mutane a bakin ƙofa, wasu a zaune a ƙasa, wasu a kwance cikin motocin haya. Wani dattijo tun daga Uke ya ɗauko matarsa. Masu gadi suka nuna ni suka ce ga ta nan. 'Ya'yana, ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba. Na tsaya cikin rana ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina cewa babu, ku yi haƙuri, ku je asibiti, su kuwa suna yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya ɓoye hatsi a shekarar yunwa. Darakta ta ƙofar baya ya shige.

Ranar Asabar da hantsi ina kicin na ji tsayuwar mota. Yaya ne da Hajiya. Hajiya ba ta taka gidan suruki haka kawai, saboda haka ina ganinta na san da magana. Babanku ya durƙusa ya gaishe su, ya fita ya ba mu wuri. Fuskar Yaya a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin mu je asibiti.

"Dakta, ashe abin a gida yake muke ta wahala. Allah ya yi miki albarka. Sau nawa ake sha a rana?"

Na zauna a ƙasa na yi musu bayani dalla-dalla. Na yi bayanin faifan, na yi bayanin ƙarfen da ya maƙale. Na ce ko ɓera ba a taɓa ba wa ba, balle ɗan Adam. Na ce in ya sha, ƙodarsa na iya lalacewa, sankarar kuma tana nan daram.

"To rediyo ƙarya suka yi?" in ji Hajiya.

"Ƙarya aka ba su suka karanta, Hajiya."

"Gwamnati guda ta yi ƙarya, ke kaɗai ce mai gaskiya."

"Na ji an ce sai manya sun fara samu," in ji Yaya. "In takarda ce kawo in sa hannu, in na mutu ba ruwanki. Jikina ne. Na tasha ma na sha, wanda ban san wa ya haɗa ba, balle na hannun ƙanwata."

"Ai shi ya kawo mu nan, Yaya! Shekara guda kana ɗirkar na tasha!"

Na ɗaga masa murya a gaban Hajiya, abin da ban taɓa yi ba. Ku da kuka taso a gabanta kun san Hajiya ba ta kama sunan kawunku, ɗan fari ne, sai dai ta ce "yayanku" ko "mai shago". Ranar ta dube ni ido cikin ido.

"Rakiya, Aliyu ne fa. Aliyuna. Ki ba shi."

Na ce babu abin da zan ba shi. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce masa su tafi. Ruwan da na kawo musu ko taɓa shi ba su yi ba.

Bayan la'asar babanku ya zo mini da shawara.

"Ki samu garin sukari ki ɗura a kwanson magani ki kai masa. Ki ce ga shi, amma ba ya aiki sai an fara cire ƙarin. Zai yarda a yi tiyatar. In ya warke kya gaya masa gaskiya, ya yi fushinsa ya huce."

"Malam, so kake in yi abin da Darakta ya yi?"

"Darakta hoto yake nema, ke ran ɗan'uwanki kike nema. Ba ɗaya ba ne."

Ranar Litinin na ba Ladi labari, ina tsammanin za ta goya mini baya. Sai ta dube ni ta ce:

"Ni da yayana ne, wallahi zan yi. Sukari cokali ɗaya bai taɓa kashe kowa ba. Oganki na gida yana da gaskiya, Dakta. Ki yi tunani."

Na yi tunanin, ba zan ce ban yi ba. Na ce wa kaina, Yaya ba ya iya riƙe albishir, kafin azahar duk layinsu sun ji cewa ƙanwarsa ta kawo masa maganin. To mutanen bakin ƙofa fa, da wane baki zan sake ce musu babu? Wani ma ya fasa zuwa asibiti ya zauna jiran nasa rabon. Wannan dalili ne na gaske, kuma har yau ina tsaye a kansa. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa da ban faɗa wa babanku ba. Na ƙoshi da ƙarya har wuya. Ina jin haushin Darakta, ina jin haushin rediyo, ina jin haushin Yaya da gorunansa, kuma ina son ranar da kowa zai buɗe baki ya ce ashe Rakiya ce mai gaskiya. Na ɗauka in na kawo masa hujja a rubuce zai sauko. Mako uku kawai nake buƙata, a lissafina. Na ce wa babanku a'a, ba zan kai sukarin ba.

Mako ukun nan wata biyu ya zama. Baƙo ya zo, aka samu wani ya sa farar riga ya riƙe kwalba, aka yi hoto aka yi tafi. Ni kuwa sai ga takardar ƙarin girma: an naɗa ni shugabar sashen adana takardu, wani ɗaki mara taga a bayan gini, ni da tsofaffin fayil da kyankyasai. Aka karɓe mukullin ɗakin gwajina, kuma ban sake riƙe shi ba sai bayan shekara huɗu, da aka sauya Darakta. Ladi ce ta ba ni kusurwa a nata ɗakin, ina laɓaɓowa lokacin hutun rana kamar mara gaskiya. Kayan wanke garin da na nema ba su taɓa zuwa ba, sai na koma tsohuwar hanya: in narkar da shi, in tace ta cikin wani gawayi na musamman, in bar shi ya sake daskarewa, in maimaita. Sau biyu ɗauke wuta ta ɓata mini aiki. A karo na biyar ya fito fari kamar gishiri. Ladi ta ɗiga shi a kan ƙwayoyin sankara. Ta kuma ɗiga ragowar ƙarfen shi kaɗai a wasu faya-fayan, har da na lafiyayyun ƙwayoyi. Bayan kwana biyu ta zo ta same ni a ɗakin takardu, a hankali take tafiya.

"Farin bai yi musu komai ba. Suna nan suna cin abincinsu. Baƙin ƙarfen kuma ya kashe duka, har masu lafiya."

Wato na goma sha bakwai ba komai ba ne, aikin shekara biyu ya tashi a tutar babu. Amma ku ji wautata: murna na yi. Na ɗauki takardar sakamakon na nufi gidan Yaya kamar wadda ta ci shari'a. Matarsa ta tare ni a ƙofa tana sunkuyar da kai, ta ce ai ba ya nan yau sati biyar. Hajiya ta samu labarin wani mai magani a wani ƙauye gaba da Karshi, wanda ke cire ciwon ciki ba yanka. Ita da kanta ta kai shi, tana can tana jinyarsa, kuma ta ce kada wanda ya gaya mini.

Babanku ya kai ni a mota, muna tambaya muna ɓata har muka samu gidan. Hajiya ta fito ta tsaya a bakin zaure, ba ta ce mu shigo ba.

"Abin da kika hana, Allah ya ba mu a wani wurin. Ki koma aikinki."

"Hajiya, ki bari in nuna masa takarda ɗaya kawai."

"Takarda ya ce miki yana so?"

Yaya ya leƙo ta taga, ya ɗaga mini hannu ya ce yana samun sauƙi. Wuyansa ya zama kamar sanda. Na sake komawa sau biyu, amsar ba ta sauya ba. Wata biyar ya yi a can. Ranar da aka dawo da shi cikinsa ya kumbura kamar tulu, hanjin ya toshe gaba ɗaya. Aka shiga da shi tiyata ba tare da an nemi shawararsa ba, aka sa masa jakar da ya guje wa. Likitan nan dai na farko ya ja ni gefe ya ce sankarar ta riga ta kai hanta. Ni da shi mun tuna abin da ya faɗa mana watannin baya.

Wata biyu da 'yan kwanaki Yaya ya yi a duniya bayan nan. Abin da zai ba ku haushi, kamar yadda ya ba ni, shi ne cikin sati ɗaya ya saba da jakar. Ya koyi sauya ta da kansa, tsaf-tsaf, ya yi alwala ya yi sallarsa a zaune. Wani malami abokinsa ya zo dubiya ya gaya masa abin da na gaya masa a mota, kusan kalma da kalma, sai na ji Yaya yana cewa, "Haka ne, Malam, Allah ya ƙara sani," kamar ranar ya fara ji.

Wata rana a asibiti bayan azahar Hajiya ta tafi gida don ta yi wanka ta taho da abinci, muka rage ni da shi. Na ciro takardar nan da na yi wata da watanni ina yawo da ita, na karanta masa, na fassara masa. Sannan, ban san abin da ya kai bakina ba, na ba shi labarin sukarin. Ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkinsa.

"Sukari? Wallahi da na sha. Da kuma na kwanta an yanka ni ina murna."

Ya dube ni, ya ci gaba.

"Ke dai tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba. Ba komai, kwana ne ya ƙare. Miƙo takardar."

Na miƙa masa. Ya ninke ta ya tura ƙarƙashin matashi.

"Kada ki nuna wa Hajiya wannan. Kada kuma ki bari likita ya gaya mata cewa da an yi aikin da wuri da na tashi. Ita ta kai ni ƙauyen nan, ita ta riƙa ba ni jiƙon da hannunta. In ta gane tun farko babu wani magani a wurinki, watannin nan biyar ne suka cinye ni, ba za ta ƙara runtsawa ba. Ki bar ta a kan ke kika hana."

"Yaya, har abada fa za ta riƙe ni da shi."

"Ke za ki iya ɗauka. Ita ba za ta iya ba."

Kun ji mutum. Ya ƙi jin maganata lokacin da za ta amfane shi, ya sha na tasha, ya tafi ƙauye, ya dawo ya kwanta, sannan ya tattara kayan gaba ɗaya ya ɗora mini a ka yana murmushi, kamar aike ya ba ni kasuwa. Na buɗe baki zan yi masa faɗan da ya fi na ranar Asabar, sai muka jiyo takun Hajiya a baranda, kwanoninta suna ƙara. Ya dube ni ya ɗaga gira, yana jira.

Na ce, "To, Yaya."

Hajiya ta shigo ta wuce ni kamar ba ta ga kowa ba, ta zauna a bakin gadon ta buɗe kwano, ta fara ba shi kunu a cokali. Ta yi shekaru masu yawa bayansa, tana barcinta lafiya, tana amsa gaisuwata a taƙaice. A duk waccan shekarar ƙarya ɗaya aka samu na yarda da ita, ita ma sai da na bari lokacin da ƙarya za ta ceci Yaya ya wuce.